Ranar Da Na Binne Malam Sale Da Ransa

Ba zan taɓa mantawa da abin da alƙalamina ya jawo mini a Gaya ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. In ban yi kuskure ba, shekarata ta biyu ke nan da gama jami'a, lokacin da tsofaffi ba su saba da naira ba, suna ta cinikinsu da sule da fam. Ina koyarwa a Kano, amma duk dogon hutu ina gida. Da yake masu digiri a ƙasarmu a lokacin ba su cika yatsun hannu ba, sai zauren gidanmu ya koma ofis. Duk wanda ya gama aji biyar na sakandare wurina ake turo shi, mu duba sakamakonsa, mu zaɓi makaranta, mu cika fom, sannan in yi wa iyaye bayanin abin da karatun zai ci.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoron kuskure. Fom ɗaya sai na cika shi da fensir sau biyu kafin in taɓa biro. (A jami'a Malam Wataƙila ake kirana, don ko sunan garinmu aka tambaye ni sai na ce, "Gaya, ina jin.")

Wata safiya wani saurayi mai suna Isa ya zo daga Toranke a bayan keken wani magidanci. Isa ya sami gurbin karatun aikin gona, sakamakonsa kuma ko ni sai da na yi masa kallo na biyu. Magidancin, Malam Sale, bai fi shekara arba'in ba, baƙi ne dogo, ba shi da yawan magana. Na ji Isa na kiransa Yaya. Na zayyana musu komai: kuɗin mota, littattafai, akwati, abinci. Malam Sale ya ce, "Ba mu daɗe da fita daga fari ba, Malam. Abin da ya rage shanun huɗa biyu ne. In babu wata hanya, a kai su kasuwa."

Manomin da ya sayar da shanun huɗa ya sayar da daminarsa. Na ce kada ya yi gaggawa, akwai tallafin karatu na jiha, kwamitin ma zai zauna a Gaya bayan mako biyu, kuma ana son takardar shaida daga wani malami. Ni zan rubuta.

Isa ya fita shan ruwa, sai na ɗauko fensir na ce, "Malam Sale, wane ne mahaifin yaron?"

Ya kawar da kai, ya kama wasa da bakin tabarma. "Ai yaron na Malam ne."

"Wane Malam?"

"Malam babba, mahaifinmu. Shi ya riƙe shi. Allah ya yi masa rasuwa bara waccan."

Na ce Allah ya jiƙansa. Lissafi ya fito mini tsaf: uba ya rasu, wa yana riƙe da ƙane. Na zauna na tsara takarda da Turancin da ban taɓa yin irinsa ba. Ni da ba na iya jimla ba tare da "mai yiwuwa" ba, ranar sai ga ni na rubuta cewa babu ko shakka Isa maraya ne, ba shi da kowa sai wansa talaka. Har na ja layi a ƙarƙashin kalmar. Na manne ambulan, ban nuna wa kowa ba, don a ganina bai kamata a tuna wa maraya maraicinsa ba. (Ka ji tausayi inda ya kai mutum.)

Ranar Laraba kwamitin ya zauna a wani ajin firamare. Mutum uku ne a bayan tebur, a tsakiya wani dattijo mai farin gemu da tabarau, ana ce masa Alhaji Shugaba. A gefe kuma an jera dagatai a kan benci, don kowa ya shaida 'yan garinsa. Tun kafin a fara, Shugaba ya miƙe ya ce, "Abu ɗaya ne ba ma yafewa. Duk takardar da muka sami ƙarya a ciki, mai ita ya tafi gida, kuma ba zai sake nema ba." Na gyaɗa kai da ƙarfi yadda kowa zai gani.

Tun hantsi muke jira a gindin darbejiya, gumi ya jiƙa mini rigar da na sha wahalar gogewa. Sai bayan azahar aka kira Isa. Muka shiga mu uku. Malam Sale ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Isa ya amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, na ga suna duban juna suna gyaɗa kai. Sai Shugaba ya yage ambulan ɗina, ya karanta, fuskarsa ta yi laushi.

"Allah sarki. Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaushe ya rasu?"

Isa ya ɗago kai, ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya sunkuyar. Na ɗauka kuka ne ya zo masa, har na buɗe baki zan taimaka da cewa bara waccan.

Dagacin Toranke ne ya riga ni. "Ranka ya daɗe, mahaifin wa? Ba ga Sale nan zaune ba? Jiya ma tare muka yi sallar la'asar."

Jama'a, na ji ana cewa mutum kan so ƙasa ta tsage ya shige. Ni dai daɓen ajin nan siminti ne, na duba.

A nan take komai ya dawo mini. Isa ɗan fari ne. Tun yaye kakansa ya ɗauke shi, ya tashi cikin ƙannen ubansa yana jin suna cewa Yaya, shi ma ya bi sahu. Uba kuwa ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya bugi ƙirji a gaban baƙo ya ce nasa ne. Abin haushin, a gidanmu ma haka ne. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba, sai dai "wancan". Da wannan na tashi, digiri ya shafe mini shi.

Shugaba ya cire tabarau. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Wato, ina jin, wataƙila an sami ɗan..."

"A takardar ba ka ce wataƙila ba. Ka ce babu shakka. Har da layi."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya jawo jerin sunaye, ya ɗora jan biro daidai kan sunan Isa. Na ga shanun nan biyu ana kora su kasuwa, ni ne kuma na riƙe igiyar. Na ce, "Yaron bai ga takardar ba. Mahaifinsa bai yi ƙarya ba. Ni ne na tambaya ban saurara ba. In akwai hukunci, ni za a yi wa."

Shugaba ya dube ni, sannan ya juya ƙofa. "Malam Sale, yanzu magana biyu ce a gabanmu, ta takarda da ta dagaci. Kai za ka raba. Yaron nan ɗanka ne?"

Malam Sale ya cire hula, ya dubi cikinta kamar amsar na ciki. "Haka dai mutane ke faɗa."

"Ba mutane na tambaya ba."

Jan biron nan bai motsa daga inda yake ba. Gumi na bin wuyan Malam Sale. Shekara goma sha tara bai taɓa faɗa ba, ga dagatai, ga baƙi, ga yaron a tsaye.

"Nawa ne," ya ce, can ƙasa. Sai ya ɗaga murya kaɗan. "Isa ɗana ne."

Isa ya juya fuska bango. Dagacin Toranke ya ce, "To, yau mun ji abin da ko ranar suna ba mu ji ba."

Aka aje jan biro. Ni kuwa aka zaunar da ni a kan bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyina na taɓa haɓata, na sake rubuta takarda a gaban kowa. Da na miƙa, Shugaba ya karanta ya ce, "Madalla. A wannan kowa yana da rai."

A waje na rasa da wane ido zan dubi Malam Sale. Na fara jero ban haƙuri, yana ta daidaita sirdin kekensa. Sai da ya hau sannan ya ce, "Ba komai, Malam. Jibi dai sadakar uku ce. Ka daure ka zo, za a yi gumba."

Isa ya sami tallafin, shanu suka yi huɗarsu a daminar nan. Amma daga ranar, duk Toranke ba mai kiran Malam Sale sai da Marigayi, ni kuma in na ratsa kasuwarsu sai in ji tsofaffi na cewa, "Ku ɓuya, ga mai biro nan." Ya yi shekara talatin da wani abu bayan na binne shi, kuma duk sallah sai ya aiko a gaya mini har yanzu bai ji komai a jikinsa ba.

Na ci gaba da cika wa yara fom har na yi ritaya, sai dai na ƙara wata doka. In uba ya kawar da kai ya ce yaro na wane ne, nakan aje alƙalami in je in tambayi maƙwabta. Rayuwata duka sau ɗaya na taɓa cewa babu shakka, shi ma sai da aka yi gawa.