Kuloli Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Gado

Jama'a ku yi mini alƙalanci, don an ci zarafina. Ciwon suga ya kwantar da ni asibiti, likita ya ce in sugan ya sauka zai sallame ni ranar Alhamis. Ni kuwa dole in fita Alhamis ɗin, don ni ne uban taro a walimar ƙungiyarmu ta dillalan shanu, har babbar riga na ba ɗinki.

Laifina ɗaya a ɗakin nan: ina da jama'a. Maƙwabcin gadona sai ya wuni ba wanda ya leƙo shi, Sista Kubra tana ta lallaɓa shi. Ni da ake layin dubiyata, ni ne abokin faɗanta. Kuma kowa ya san ba a zuwa duba mutum irina hannu rabbana. Wannan funkaso, wancan fura da zuma, gwaggona Dije har da alkaki. Da Sista ta hana shigowa da abinci, ban yi musu ba, ni mai bin doka ne. Sai na ce a riƙa miƙowa ta taga.

Ranar Laraba da safe Sista ta huda mini yatsa, ta dubi na'urar gwajin suga, ta dube ni. Na ce mata na'urar nan tun jiya na lura ba ta da lafiya. Sai ta durƙusa ta yaye zanin gado, ta shiga jawo kuloli tana jerawa a gaban mutane. Goma sha ɗaya.

“Baba, mene ne wannan?”

Baba! Ni da ko furfura sai an bincika. Na haɗiye, na yi mata bayani cikin natsuwa cewa ba ci nake ba. Loma bibbiyu nake yi wa kowace kula, don kada wanda ya kawo ya ji an raina shi.

“Sista, mutanen nan a kafaɗa suke ɗauke da ni. In na mayar musu da kula a cike, da wane ido zan dube su? Ke dai ki taimaka in fita gobe.”

Ta rufe littafinta, ta ce, “Ci gaba da girmama su, Alhaji. Za ka fita, a kafaɗar tasu ma. Kuma abincin da za su kawo ranar, ba wanda zai ce ka ɗanɗana.”