Rijiyar da Za Ta Tafi

Laifina guda ne: da aka tambayi mai jin Ingilishi, na ɗaga hannu. Ai shekara uku na yi ina karanta shi a lakwal, wato makarantar boko, kuma duk garin Dakoro mushe ake ce mini, wato malam da Faransanci.

Wani injiniya ɗan Gana ne ya gyara pampon wata rijiya a hanyar Azagor, ana tsakiyar rani. Makiyaya suka kewaye shi, dattijonsu Alhaji Buba ya ce, "Mushe, tambaye shi, ruwan ga zai kai mu damina?"

Na gyara hula na tambaya. Injiniya ya yi murmushi ya ce, "It will last."

Kalmar "last" kam na san ta, ita ce na ƙarshe, don a nan na saba zuwa a aji. Na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Ya ce ƙarshenta ke nan."

Aka ɗau salati. Da injiniya ya ga fuskoki sun ɓaci, sai ya sake: "It will go on."

Na ce, "Wai za ta tafi."

Alhaji ya ce, "Rijiyar? Ta tafi ina?"

"It will carry on!" in ji injiniya, gumi na keto masa.

Ni ma kaina ya ɗaure, amma na dake: "To, ɗauke ta za a yi."

Har an fara kora shanu kudu, sai ga direban injiniya, Bahaushe, ya ce duka ukun magana guda ce: rijiya za ta ɗore.

Shekara huɗu ke nan, amma duk ran kasuwa sai Alhaji Buba ya tare ni: "Mushe, na leƙa da safe. Ba ta tafi ba tukuna."