Rasuwar 'Yar Teku a Falon Malam Latir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin wasu mutane da zan faɗi sunayensu nan gaba kaɗan, ni Latir Ndong, malamin kimiyya a nan Thiès, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin gilashina na ruwan teku, wadda muke kira 'Yar Teku. Ta cika ranar Talata da hantsi a falona, bayan jinyar mako uku. Watanta biyar a duniya.

Saboda mahaifiyata, Inna Tening, aka samar da marigayiyar. Na ɗauko tsohuwar daga ƙauyenmu Palmarin da ke bakin teku saboda hawan jini da ciwon gwiwa, don a nan asibiti na kusa. Kwananta tara ta fara ɗaure kaya, wai garin da ba a jin ƙamshin teku ba wurin kwanan mutum ba ne. Na ce in dai teku ce matsalar, zan kawo mata ita har ɗaki. Na koma ƙauye, na jira ruwan teku ya janye daga gaɓa, na haƙo ciyawar teku da saiwarta da laka, na ciko jarkoki, na shimfiɗa yashi mai kauri a gilashi, na dasa, na saka 'yan kifaye da ƙaguwa da dodon koɗi. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka tumɓuke ta daga gidanta kamar yadda ka yi mini. To shi ke nan. In ta zauna, na zauna."

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kunya. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, iyakarta bul-bul-bul na injin iska, sai ɗan zzz na fitilarta in wuta ta yi rauni. Ciyawarta kan yi rangaji a hankali, koriya shar. Kowace safiya Inna kan shimfiɗa tabarma a gabanta, ta sha magani ba tare da an yi rigima ba, ta yi ta gaya wa ƙaguwar ciki labarin mutanen ƙauye. A wata huɗun farko ban sake jin maganar tafiya ba, har tsohuwa ta yi kumatu.

Ta rasu ta bar ƙaguwa ɗaya, dodon koɗi biyu da har yau ba a tabbatar ko suna ciki ba, jarkoki shida, da fitila mai shuɗin haske wadda wani mai shago a Dakar ya rantse mini ta fi rana. Allah Ya isa.

Iyalan marigayiyar na roƙon waɗannan mutane da su riƙe ta'aziyyarsu a aljihu. Na farko surukina Jegan, wanda duk zuwansa sai ya leƙa ya ce, "Malam, yaushe kifin nan za su isa shiga tukunya?" Kifin da bai kai ɗan yatsa ba! Mutumin da ko teku ya gani, shinkafa yake tunawa. Na biyu maƙwabcinmu mai ɗinki, da ya tambaye ni a gaban jama'a ko akuya zan saya, tunda na fara noman ciyawa a falo. Sai uwargida Nyilan, wadda ta shanya tsumman goge-goge a kan fitilar marigayiya har sau biyu, kuma da na yi magana ta ce, "To ai da ɗumi, maigida." Da ita muke zaman makokin, ba yadda na iya, amma na ga dariyar da take ɓoyewa a bayan mayafi.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya zo. Da zafi ya shigo, ruwan akwatin ya riƙa raguwa. Duk lokacin da ya ragu sai in cika shi da sabon ruwan teku, wanda wani direban ƙauyenmu ke kawo mini duk mako biyu. Ni a ganina gata nake yi mata, ruwan gidansu tsantsa, ba gauraye. Sai ganye ya soma yin ja, ya koma ruwan ƙasa. Wani farin ɓawo ya kewaye bakin gilashi. Kifaye suka bi juna ɗaya bayan ɗaya.

Tun a makon farko Inna ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Latir, ruwan nan ya yi gishiri. Ɗebo na randa ka zuba masa."

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har da riƙe ciki. Ruwan randa a cikin teku! Na ce, "Inna, ki bar wa masu karatu wannan. Kuma na gane ki, likita ya hana ki gishiri, shi ne kika samu wurin lasa."

Ta koma kan tabarmarta. Ni kuwa na canja fitila, na ƙara injin iska, na yi ta bincike a waya, na zargi direba da kawo ruwan kwata. Na ƙara ruwan teku, na sake ƙarawa.

Ranar Talata, da saiwar ƙarshe ta taso saman ruwa ta yi baƙi, tsohuwa ta kankare farin ɓawon nan da farce, ta zuba mini a tafin hannu.

"Shekara arba'in ina tsaye a bakin ramin gishiri," in ji ta. "Rana ta shanye ruwa, ta bar mini gishiri. Da kuɗinsa na kai ka makaranta. Kai ma sana'ata ka gada ashe, sai dai kai a falo kake yi."

Saboda haka, a ƙarshen jerin waɗanda ba a son ganinsu a wurin makoki, a rubuta sunan Malam Latir Ndong. Shekara goma sha biyu yana zana wa yara a allo yadda ruwa ke tashi ya bar gishiri, yana ba su sifili in sun manta. Jakin banza, mai alli a hannu. Ina jin kunyarsa, kuma ba ni da inda zan kai shi.

Ga tsarin jana'iza. An riga an yi wa marigayiya wanka, Nyilan ce ta yi, tana waƙa. Ruwan ƙarshe Inna ta hana a zubar. Ta shanya shi a faranti kwana uku, ta tara gishirin a ƙyalle, ta miƙa wa surukarta ta ce zai kai mu damina. Za a tashi daga tasha ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, a kai yashin da ƙaguwar can Palmarin, a mayar da su inda aka haƙo su idan ruwa ya janye. Inna ce za ta jagoranci rakiya. Na ce mata kwana ɗaya za mu yi, ba sai ta naɗe tabarmarta ba. Ta naɗe, ta sa magungunanta a ciki, ta ɗaure da igiya.

Za a karɓi gaisuwa a falona daga ranar Lahadi da yamma, akwai wurin zama sosai yanzu. Kujera biyu na kama a motar tafiya. A ta dawowa, ɗaya.