Yadda Dattijo Zai Raba Gardamar Kalkulas Alhali Bai San Kalkulas Ba

Kai dattijon da aka sani a gida da ƙwarewa a lissafi, alhali iyakarka tarawa da ɗebewa, ka kwantar da hankalinka. Matakan nan biyar za su tsare maka mutunci ranar da jikoki suka dawo daga jami'a da gardama. An jarraba su a gidan wani tsohon hedimasta, wanda shekara talatin ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba", kuma bai faɗa ba har yau.

1. Kada ka ce kalkulas ɗaya ne

Kalkulas lissafin yadda abu yake sauyawa ne, amma kowane sashe da irin nasa. Hedimasta yana da jikoki biyu: mace mai karanta injiniyanci, ana ce mata Injiniya, da namiji mai karanta zallar lissafi, ana ce masa Farfesa. Ya gan su da littattafai biyu, ya ce ai ɗaya ya ishe su. Wannan ne kuskurensa kaɗai, kuma shi ya tayar da ƙurar.

"Haba Tsoho!" in ji Injiniya. "Mu ƙa'ida ake ba mu, mu ɗora mata gada. Su kuwa wata uku suna tabbatar da abin da ba wanda ya musa."

"Gadar da ba ki san dalilin tsayuwarta ba, ke za ki fara hawa," in ji Farfesa. "Kaka, ka faɗa mata namu ne na gaske."

Suka zuba masa ido.

2. Ka karɓi littattafan, kada ka karanta

Ka sa tabarau. Ka auna nauyin kowanne a tafin hannu. Hedimasta ya lura na Injiniya cike yake da zanen bututu da ƙarafa, na Farfesa kuwa siriri ne, kusan ba lamba a ciki sai ta shafi. Ya ce "uhum" sau biyu, ɗaya ga kowane littafi, domin adalci.

3. Ka fake da magabata

Ka ce, "A zamaninmu ba a amsa irin wannan tambaya a tsaye." Ba wanda zai iya bincikawa. Idan akwai jika na uku mai karanta tattalin arziki, kada ka kira shi shaida. Nasu kalkulas ɗin ya fi sauƙi, su biyun za su haɗe masa kai su gama da shi cikin minti ɗaya, sannan su dawo kanka da sabon ƙarfi.

4. Ka miƙa shari'ar ga abin da ba ya magana

A ranar tankin ruwan gidan ya huje daga ƙasa, uwargida kuma tun safe take cewa a kira mai gyaran famfo. Hedimasta ya tsaya a tsakar gida ya ce kada wanda ya taɓa tankin.

"Kowa ya lissafa mini lokacin da ruwan nan zai ƙare."

Injiniya ta auna faɗin tankin da igiyar shanya, ta leƙa hujin, ta yi rubutu layi shida. "Minti arba'in, ko sama ko ƙasa kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa ne?" in ji Farfesa.

"Kaɗan dai. Kai ina taka amsar?"

Farfesa ya cika shafi uku, ya ce ya tabbatar, ba ko shakka, cewa ruwan zai ƙare. Batun yaushe kuwa, ba na sashensu ba ne.

Uwargida ta leƙo daga kicin. "Malam, in tara bokiti?"

"Za ki ɓata gwaji, Hajiya."

5. Kada ka yanke hukunci sai sakamako ya fito

Hedimasta ya ciro agogo, suka tsaya su uku suna kallon ruwan wanka da na girki yana bin rariya. A minti talatin da bakwai ya ɗauke. Hedimasta ya gyara murya ya ce, "Ke kin san yaushe, ba ki san dalili ba. Kai ka san dalili, ba ka san yaushe ba. Abin da nake so ku gano da kanku ke nan tun farko."

Jikokin suka ce lallai Kaka ya san abin. Uwargida ta fito da jarka huɗu na ɗebo ruwa ta jera masa a gaba, ta koma ciki.

Gargaɗi: marubucin nan ya yi alkawarin tsare mutunci ne kawai, bai yi alkawarin ruwa ba. Duk abin da ya biyo baya, ciwon baya ne ko shirun uwargida na kwana uku, yana wuyan mai bin matakan. Game da nauyin jarkar, a tambayi Injiniya. Farfesa zai iya tabbatar da cewa tana da nauyi.