Barkonon Horar da Kwikwiyo

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani Bafulatanin Galadi ya ba ni ɗan kwikwiyo don gadin awakina a Ƙaura. Haƙoransa na fitowa, komai ya samu sai ya tauna, har yatsuna. Bafulatanin ya ce in jefa masa ƙashi kawai. Na yi dariya. Ni da na shekara goma ina horar da 'yan firamare, kare ne zai gagare ni?

Ranar Juma'a na kwaɓa barkono da man gyaɗa, na shafe hannuwana, na miƙa masa. Ya ciza sau ɗaya, ya yi atishawa, ya ruga ƙarƙashin rumbu. Na kira matata ta zo ta ga ilimi.

Sai na ji kiran salla. Na yi alwala a gurguje, ba sabulu, na nufi masallaci idanuna na raɗaɗi.

Liman na fara huɗuba hawaye suka ɓalle mini, har da majina. Da aka sallame, dattijon da ke gefena ya dafa ni ya ce wa jama'a, "Ku dubi wanga bawan Allah, wa'azi ya shige shi!" Ban musa ba. Kwana uku ana nuna ni a unguwa, kafin matata ta ba maƙwabta labari.

Karen dai bai sake cizo ba, wannan kam a shaida. Amma har yau in na shiga kasuwa, masu barkono sai su ɗaga mudu: "Malam, na kare za a auna, ko na huɗuba?"