Ranar da Na Liƙe Goran Kakanku

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwa. Ana gobe su a kogin Haɗeja, goran da kakanku yake hawa ya tsage. Ya ce a kira gyartai ya ɗinke, na ce, "Malam, bar mini." Na dama ƙaro da toka na liƙe, har da korar maƙwabciyata Talatu kada ta saci sirrina. Ashe ƙaro ba ya shiri da ruwa! A tsakiyar kogi goran ya buɗe baki, kifaye suka koma gida, kakanku ya fito yana tari, ya ce, "Sannu, gwana."

Shi ya sake gora, Talatu ta ba gari labari, ni kuwa har gobe ko tulu ya fashe sai a ce, "Ku kai wa gwana."