Wiski da Sodan da Na Haɗa wa Kawu

Ba zan taɓa mantawa da launin kofin nan ba. Ina sabon zuwa Fort Washington, kullum da yamma sai in ga maƙwabcina, wani dattijon Bature, zaune a baranda yana fuskantar kogin Potomac, da dogon kofin gilashi a hannu. Rana tana faɗuwa a cikin kofin, ƙananan kumfa suna hawa kamar taurari. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, nan take na hango kaina ina miƙa wa budurwata Nafisa irinsa, tana sunkuyar da kai tana murmushi.

Na tambaye shi, ya ce wiski da soda ne: ƙanƙara, wiski kaɗan, soda, sai lemon tsami. Wiski dai haramun ne, don haka na ce baƙin shayi mai sanyi zai ba ni launin. Saura soda. A kanti na ga kwali an rubuta soda, da farin gari a ciki (na masu yin kek ne, amma ni na ce ai kanwar Turawa ce). Na matsa masa lemon tsami, ya taso da kumfa. Ban ɗanɗana ba. Jarumin littafi ba ya ɗanɗane.

Ranar Asabar Nafisa ta tuƙo kawunta daga Woodbridge. Shi mahaifinta ya wakilta ya duba ni, in ya ce a'a, maganar aurenmu ta mutu. Na durƙusa na gaishe shi, na haɗo abin a kicin na ajiye a gabansu, ina satar kallon Nafisa. Kawu ya yi bismilla ya kurɓa sosai. Fuskarsa ta yamutse, ga kumfa a gashin baki.

"Ɗana, mene ne sunan wannan?"

Cikin fara'a na ce, "Wiski da soda, Kawu."

Salati ya saka, ya fesar da sauran a kan farar shaddarsa, yana neman ruwan kurkure baki. Ni kuma ina ta rantsuwa shayi ne. Nafisa ta shiga kicin ta fito da kwalin, hawayen dariya na zuba, da ƙyar ta iya gaya min ruwa mai gas Baturen yake nufi.

Kawu ya zuba min ido har na fara yi wa Nafisa bankwana a zuci. Can sai ya saki wata doguwar gyatsa, ya dafa ƙirji, ya ce ƙwannafin da ya dame shi tun safe ya kwanta.

"Yaron da ya gudu daga haram har ya faɗa kanwa," in ji shi, "a ba shi."

Tun ranar na koyi cewa mafarki ma sai an ɗanɗana kafin a miƙa wa baƙo. Kawu ya daɗe da yin ritaya ya koma Zariya. Har yau in ya kira Nafisa, kafin ya tambayi yara sai ya ce, "Ina Mai Wiski? A ce ya aiko min da kwalin nan."